Kokon da Muke Sha da Safe, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Ba a gane halin mutum da azahar kamar yadda ake gane shi da safe. Da azahar ya ci ya ƙoshi, ya sa rigar fita, ya shirya fuskar da zai nuna wa jama'a. Tsakanin sallamar liman da ƙarfe takwas kuwa, bai gama shirya komai ba, abin da ke cikinsa shi ke fitowa. Mutum zai tsaya da maƙwabcinsa a ƙofar masallaci, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, har sai gaisuwa ta ƙare ta sake dawowa, sannan ya taka kaɗan ya miƙa wa mai koko kwano bai ko dubi fuskarta ba. Wanda bai taɓa taya kuɗin katin waya ba, shi ne zai ɗaga ƙosai sama ya juya shi ya ce ya ƙanƙance. Ba mugunta ba ce. Sabo ne, kuma abin da aka saba samu kullum a kan lokaci, ba a tambayar yadda aka yi ya zo.

Ni dai abin da nake gani shi ne, kokon da ƙosan da Maradi ke karyawa da su ana sayar mana da su ƙasa da abin da suka ci. Cikon kuma akwai masu biyansa: uwa tana biya da barcinta da ƙirjinta, ƴarta tana biya da darasin farko na lakwal, wato makarantar boko. Mafi yawan wannan ciko ba daga tsadar hatsi ya fito ba, daga halayenmu na safe ya fito, mu masu saye.

A fara da lokaci. A Maradi rana tana fitowa ƙarfe shida da ƴan mintoci a watan Yuni, tana kai wa kusan bakwai a Janairu. Lakwal ƙarfe takwas ake shiga. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, saboda haka magini da ɗan dako da mai kabu-kabu da mai kawo kayan lambu daga Jiratawa, kowa so yake ya ci wani abu ya kama aiki kafin hantsi. Da sanyin safiya ake kama fara. Cinikin mai koko na yini guda gaba ɗayansa a cikin awa biyu yake, in ya wuce ya wuce. Amma awa biyun nan, aikin yini da kwana ne ke tsaye a bayansu.

Kokon da za a sha safiyar Talata, tun safiyar Litinin ake jiƙa hatsinsa. Ana wanke shi, a rege tsakuwa, a bar shi cikin ruwa daga safe zuwa la'asar. Hatsin da bai jiƙu ba injin ba ya markaɗa shi da laushi, rabin gasarar sai ta tafi cikin dusa. Wanda ya wuce lokaci a ruwa, musamman da bazara, yana ɗaukar wari da ko citta ba ta rufe shi. Da yamma a tsame, a ɗauraye, a zuba citta da kanumfari da ɗan barkono, a kai markaɗe. Daga nan sai tata, wadda ita ce aikin da ke cin baya: a zuba ƙullu kaɗan-kaɗan a kan yadin tata da aka ɗaure a bakin roba, ana ƙara ruwa ana murzawa da hannu har sai abin da ya rage a sama dusa ce zalla. Dusar ta awaki ce, kuma a garin da ake kiwon jar akuya ba a zubar da ita. Ruwan da aka tace a rufe shi ya kwana. A daren nan abu biyu ke faruwa: gasara tana kwanciya a ƙasa, tsami kuma yana shiga. Da sanyin Disamba tsamin ba ya kamawa da wuri, sai an bar ɗan ruwan tsamin jiya an zuba a kai. Da zafin Afrilu kuwa yana wuce gona da iri kafin asuba, dole a tsiyaye ruwan sama a sake sabo. Duk wanda ya taɓa cewa kokon wance yau ya yi tsami, ya sani ba sakaci ba ne a mafi yawan lokaci, daren ne ya yi zafi.

Damun shi ne mafi gajarta kuma mafi haɗari. Ana kwaɓa gasarar da ruwan sanyi kaɗan har ta saki ba gudaji, sannan a sheƙa mata ruwan da ke tafasa, a tashi ɗaya, ana juyawa. Ruwan da ya yi zafi kawai bai tafasa ba, ko wanda aka sauke aka tsaya neman ludayi, ba ya dafa gasara: kokon ya tsinke, ya yi fari, ya riƙa ɗanɗanon ɗanye, sai an mayar da shi kan wuta, itace ya ƙaru. Tiya ɗaya ta hatsi, wato kilo biyu da rabi ko kusa da haka, tana ba da kokon da zai kusan cika babban bokiti, kuma ruwan da zai dafa shi sai babbar tukunya. Tafasa tukunyar nan a kan murhun duwatsu uku, da iskar hunturu tana kwashe wutar gefe, shi ke ta da mace tun kafin kiran sallar farko.

Ƙosai ya fi koko rashin haƙuri. Farin wake ake jiƙawa na ɗan lokaci kaɗan, mintoci goma zuwa ashirin, don ɓawon ya saki amma ƙwayar ba ta yi laushi ba. A surfa a turmi, a wanke har ɓawo da baƙin hancin su fita, sannan a sake jiƙawa ya yi taushi, a markaɗa da albasa da attarugu. Ruwa kaɗan ake sa wa a injin. Ƙullun da ya yi ruwa ba ya dunƙulewa, yana bajewa a kasko yana shan mai. Bayan markaɗe sai bugu, da muciya ko da hannu, har ƙullun ya yi haske ya tashi, domin iskar da aka buga a ciki ita ce ke kumbura ƙosai, ba wani sinadari ba. Mai gwaninta takan ɗiga kaɗan a ruwa: in ya taso sama ya bugu, in ya nutse da saura. Gishiri sai an zo suya ake sa shi, kuma a ɗan abin da za a soya yanzu, don in ya daɗe a ciki ƙullun yana saki ya kwanta. Mai kuma yana da nasa sharaɗi. In bai yi zafi ba ƙosai ya sha shi ya yi nauyi, riba ta tafi. In ya yi zafi da yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye. Ga babbar matsalar: ƙullun wake ba ya jira. Da zafi, ƴan awoyi kaɗan ya fara tsami yana kumfa. Ba a markaɗa shi da la'asar a ajiye kamar na koko, sai da dare sosai ko da asuba. Ke nan akwai wanda zai ɗauki roba ya tafi wurin injin cikin duhu, kuma kusan kullum yarinya ce.

Injin ɗin ma ba kullum yake tashi ba. Wutar Maradi ta daɗe tana zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. A irin wannan lokaci mai injin gazuwal ne kaɗai ke aiki, layi ya yi tsawo, kuɗin markaɗe ya hau. Ƙosai bai bi shi ya hau ba.

A nan ne halinmu ke shigowa. Mun yarda kuɗin tiya ya tashi da damina kafin sabon hatsi ya shigo, mun yarda litar mai ta tashi, mun yarda ɗaurin itace ya rame. Abin da ba mu yarda ba shi ne ƙosan dala biyar ya zama na dala goma (dala ɗaya sefa biyar ce). Mai ƙosai ta san in ta ƙara kuɗi za a koma wurin ta gaba, saboda haka take rage girman cokali. In ta rage mu yi ƙorafi, sai ta ƙara gyara don a yi shiru. In gyara ta cinye riba, sai ta riƙe man da ya kamata a zubar, ta ƙara sabo a kan tsoho. Man da ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya lalace, kuma cikinmu yake shiga. Mu muka tura ta can, sannan mu ce ƙosan yanzu ba kamar na da ba.

Sai maganar canji. Mutum ya kwana da jika biyar, wato sefa dubu biyar, a aljihu, bai canza ta wurin mai shago ba don yana jin nauyinsa, bai canza ta a gidan mai ba don ana sauri, sai ya kawo ta wurin matar da duk jarinta na ranar bai kai haka ba, ya sayi kokon dala ashirin. Abu biyu ne za su faru. Ko a tura yarinya ta zaga unguwa neman canji, ko a ce "bari sai gobe". Goben nan ita ce ƙofar bashi. Bashin safe ƙanana ne, dala goma nan, dala ashirin can, ba a rubuta su, kuma mai binsu tana jin kunyar tambayar dattijon da ya haife ta ko abokin mijinta. Mai ci ya manta da gaske, don a wurinsa ba kuɗi ba ne. A wurinta kuwa mutum biyar masu dala ashirin-ashirin sun tashi dala ɗari, kuɗin markaɗe da itacen gobe ke nan. Ƴan kasuwa da yawa ba sa ba da bashi kafin su yi cinikin farko, kuma ana girmama musu wannan. Mai koko kaɗai ba a ba ta wannan haƙƙi.

Duk waɗannan da sauƙi a kan na ƙarshe, wato son a kawo mana har ƙofa. Magidanci ya dawo masallaci ya zauna a kan tabarma, samarin gidan sun koma barci, ana jiran muryar yarinya mai talla. Ita kuwa ta tashi tare da uwarta, ta je markaɗe, ta ɗebo ruwa, yanzu ta ɗora bokiti ko faranti a ka. Ba ta dawowa sai kaya sun ƙare, don abin da ya huce ba ya sayuwa. A Zariya ko Bagalam ko Mokoyo ko Sabon Gari, duk wanda ya tsaya bakin hanya wajen takwas saura kwata zai ga yara kashi biyu: masu jaka sun nufi lakwal, masu faranti sun nufi tasha da bakin kasuwa. Ranar Litinin da Juma'a, da kasuwa ke ci, kashi na biyu ya fi yawa. Wadda ta yi sa'a ta sayar da wuri za ta koma gida ta ajiye kuɗi, ta wanke ƙafa, ta iso aji tara ta wuce. Malamai sukan sa karatu da lissafi a farkon yini, lokacin da kan yara ke sake. Yarinyar da ke rasa awar farko kullum, karatu da lissafi take rasawa. Bayan shekara biyu ko uku sai a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, a ce zamanta a lakwal ɓata lokaci ne, maganar aure ta taso. Ba a taɓa cewa ƙosai ne ya fitar da ita ba, alhali shi ne.

Akwai amsoshi da iyaye ke bayarwa, kuma ba na raina su. Na farko, uwa da yawa tana cikin kulle, ba za ta zauna bakin titi ba, in ba ƴarta ba wa zai fitar mata da kaya? Na biyu, da kuɗin tallan nan ake tara kayan ɗakin yarinyar, kwano da katifa da gado, uban kuwa sau da yawa ba shi da halin yi. Na uku, talla tana koya wa yarinya lissafin kuɗi da sanin mutane, kuma Maradi gari ne da kasuwanci ya gina. Duka ukun gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ya ce dole sai tsakanin bakwai da tara. Kulle ya hana uwa fita, bai hana mai saye zuwa ba. Gidaje da yawa suna sayar da koko daga zaure ko daga tsakar gida, yara da mata su shiga, maza su aika ko su tsaya a ƙofa. In mai saye zai taka da ƙafarsa, tallan safe ta faɗi da kanta, kuɗin kayan ɗaki kuma bai ragu da ko dala ba. Yarinyar tana iya taya uwarta tata da dare, ta taya ta miƙa kwano daga shida zuwa bakwai, ta ɗauki jaka.

Wa zai taka? A nan nake ganin maza ba mu da hujja. Magidancin da ya fito masallaci ya riga ya fito, ƙafarsa na waje, gidan mai koko bai fi taku ɗari ba. Abin da ke hana shi riƙo kwano jin nauyin a gan shi da shi ne kawai. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar da ke kwance har rana ta haska ɗaki, ƙanwarsa ko ƴar maƙwabta tana yawo da bokiti a ka, ba gata aka yi masa ba. In limamai da masu unguwa suka faɗa a fili cewa sayo karin kumallo aikin namijin gida ne, za a ji. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne ga kowane almajiri.

Maganar kuɗi kuma tana da gyara mai sauƙi: biyan mako. Gidan da ke shan kokon dala arba'in kullum ya ba da na kwana bakwai ranar Juma'a, dala ɗari biyu da tamanin. Mai koko ta san adadin da za ta dama, ba ragowa ba ƙaranci, ta sayi hatsi da tiya maimakon da gwangwani, ba neman canji, ba bashi. Gida goma in suka yi haka, rabin bokitinta ya sayu tun kafin ta hura wuta. Matan ma suna da makamin da aka ƙera a nan yankin: asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Rancen asusu ya fi amfani in an ɗauke shi da kaka, a sayi buhun hatsi da na wake lokacin da suke araha. Hatsi yana ajiyuwa in ya bushe sosai. Wake ne mai wuya, don ƙwaro yana huda shi cikin ƴan watanni, sai a buhu mai leda biyu a ciki da ake ɗaure kowace dabam, ko a jarka mai murfi da aka cika ta har baki. Iskar ciki tana ƙarewa, ƙwaron ya mutu, ba tare da an zuba magani ba. In aka riƙa buɗewa kowane kwana biyu ana ɗiba, an ɓata dabarar, gara a raba a ƙananan jarkoki.

Murhu shi ma a dube shi. Duwatsu uku a fili suna zubar da mafi yawan zafin wuta a iska, hayaƙin kuma a fuskar mai suya yake ƙarewa, ita da goyon da ke bayanta. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi ko na laka da aka gina daidai gindin tukunya yana tsare wutar yana rage itace. Sharaɗinsa ɗaya, ya dace da tukunyar. In rata tsakanin bango da tukunya ta yi faɗi, zafi ya gudu, in ta matse, wuta ta shaƙe ta yi hayaƙi. Gas ɗin da ake samu tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 ya fi dacewa da kaskon suya, inda ake son wuta daidai, fiye da tafasa babbar tukunyar ruwa.

Kofi da ludayin da ake sha da su a wurin, a daina tsoma su duka a roba ɗaya tun safe har a tashi. Roba biyu, ɗaya da sabulu ɗaya ta ɗauraya, a sauya ruwan in ya yi kauri. Koko daga tafasasshen ruwa ya fito, ba shi da laifi, abin sha ne ke ɗaukar cuta daga baki zuwa baki. Jihar da ta ga kwalara a 2018, daga Madarunfa har cikin gari, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Mai zuwa da kwanonsa daga gida ya huta da wannan duka.

Lakwal tana da nata rabo. Korar yarinyar da ta makara ko sa ta durƙuso a rana ba ya gyara komai, domin ba ita ta tsara safiyarta ba. Malamin aji ya san su da suna, su ne dai kullum. Darakta da kwamitin iyaye su ɗauki sunayen, su je gidajen, su zauna da uba da uwa tare, a tambayi abu ɗaya: ƙarfe nawa kaya ke ƙarewa, kuma su wa ke saye? Sau da yawa za a tarar masu sayen nan iyayen ƴan ajinsu ne, a layi ɗaya suke. Inda uwar za ta iya fita, a ba ta wuri a bakin ƙofar lakwal ta sayar lokacin hutun ƙarfe goma, da sharaɗin ta rufe kayanta kuma ƴarta tana cikin aji tun takwas. Yaran da suka fito gida ba su karya ba, waɗanda ke fara hamma da kwantar da kai a kan tebur kafin hutu, su ma sun samu abin sa wa a ciki a kusa. Inda ba za ta iya fita ba, iyayen layin su yi mata alkawarin biyan mako, a rubuta sunayen gidajen a takarda ɗaya, darakta ya riƙe kwafi, a sake zama bayan wata guda a duba rajistar makara.